Sana'ar Zaunar da Harafi a Fuskar Kwamfuta

Cikin masu rubuta manhaja akwai waɗanda ba a cika jin ɗuriyarsu ba. Aikinsu shi ne tabbatar da cewa rubutun da ke kan maɓallai da guraben cike suna da saƙonnin gargaɗi ya fito yadda aka nufa. Mai karatu da Turanci da wuya ya san da zamansu. Bahaushe kuwa ya sha cin karo da inda aka yi sakaci da aikin, duk ranar da ya buɗe saƙo ya tarar "ƙasa" ta koma "Æ™asa", ko wani ɗan akwati fanko ya zauna a gurbin ɗ.

Abin da ake fara koya wa ɗan koyo shi ne kwamfuta lamba ta sani, harafi kuwa zane ne da ake ɗora wa lambar daga baya. Tsarin ASCII na 1963 gurabe 128 kacal gare shi, babu ƙugiya ko ɗaya a ciki. Da Unicode ya zo a 1991 aka shiga bai wa kowane harafi na duniya lambarsa, ƙ ta sami U+0199, ɗ ta sami U+0257. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar da ake adana waɗannan lambobi, inda ƙ ke cin bayit biyu. Idan manhaja ta karanta bayit biyun nan da tsohon tsarin Windows-1252, sai ta ɗauki kowane a matsayin harafi mai zaman kansa, shi ya sa Æ da ™ suke fitowa. Da gwani ya ga haka ya san rubutun lafiyarsa lau, karatun ne ya karkace. Akwatin fanko kuwa ciwonsa daban: lamba ta iso daidai, salon haruffan da aka zaɓa ne ba shi da zanenta.

Aikin da ya fi cin rai yana wajen awo. Kowane salon haruffa yana da girma da kauri da karkata, yana kuma da iyakar hawansa sama da layi da saukarsa ƙasa. Kamar tela ne da riga, sai an auna kafin a yanka. Mai sana'a ba ya ƙiyasta faɗin maɓalli da ido, yakan sa manhaja ta auna kalmar da za ta zauna a ciki, domin "A yi ajiya" ta fi takwararta ta Turanci tsawo nesa ba kusa ba. Wanda ya ƙayyade faɗi da Turanci kaɗai, ranar da aka mayar da manhajarsa Hausa sai a ga an guntule wa kalmomi wutsiya. Akwai kuma aron harafi. Idan salon da aka zaɓa ba shi da ƙ, kwamfuta takan ɗauko ta daga wani salon, sai ka ga "ƙoƙari" da ƙ biyu sirara a tsakiyar haruffa masu kauri, wani lokacin har layin ya ɗan ɗaga. A ganina nan ake gane mai tsoron Allah a aikinsa, don ba kowa ne zai kawo ƙara a kan wannan ba, amma ido yana gajiya da shi.

Kafin Unicode ya bazu, mutanenmu sun yi dabarar da ta fisshe su. An ƙera salon haruffa na Hausa, irin Rabi'at na Farfesa Abdalla Uba Adamu, inda ake aron gurbin wani harafi ko wata alama a zana mai ƙugiya a kai. An buga littattafai da kundayen digiri masu yawa da irin wannan dabara, kuma ta cancanci yabo. Sai dai lambar da ke ƙarƙashi ba ta sauya ba, saboda haka da an kai fayil kwamfutar da ba ta da salon, sai a ga "qasa" da "xaya", ko "}asa" da "]aya". Mayar da waɗannan tsofaffin rubuce-rubuce zuwa Unicode aiki ne babba da ke jiran masu sana'ar.

Ajami ya ƙara wa aikin nauyi, don daga dama yake tafiya, kuma siffar harafi tana sauyawa gwargwadon maƙwabtansa. Manhajar HarfBuzz ce ke wannan haɗi a wayoyi da kwamfutoci da dama, kuma ƙungiyar SIL ta fitar da salon Alkalami bisa rubutun hannu irin na Kano.

Matasanmu masu koyon rubuta manhaja, kafin ku miƙa aiki ku rubuta "Ɗan Ɓaleri ya ƙi" a kowane gurbi, da manyan baƙaƙe da ƙanana, da siririn rubutu da mai kauri. Ku gwada 'y ta Najeriya da ƴ ta Nijar, sannan ku adana, ku rufe, ku sake buɗewa ku duba.