Kwalba Ko Gora? Shawara Ga Masu Kunu Da Zoɓo A Ruwan Bago

Duk wanda ya taɓa ratsa Ruwan Bago, ko wani gari na ƙasar Rogo da Karaye, da tsakar rana a watan Afirilu, ba sai an gaya masa darajar abin sha mai sanyi ba. A bakin makaranta da gindin itatuwa za ka tarar da yara da kula ko bokiti, cike da kunun zaƙi da zoɓo da kunun aya. Sana'a ce ta matan aure, a cikin gida ake yinta, da ita kuwa ake sayen sabulu da littafin yara, har a ɗan tara na kayan ɗakin 'ya mace.

To, amma akwai abin da ke ci wa masu wannan sana'a tuwo a ƙwarya, watau ƙarancin wurin ajiya. Wutar lantarki ba abin dogara ba ce a ƙauye, ƙanƙara saye ake yi, kula kuwa ɗaya ce tal. Abin da bai sami shiga cikinta ba, zafi ne zai yi masa hukunci. Saboda haka muka ga ya kamata mu tattauna da masu karatu, musamman malaman makaranta da akawuna waɗanda ake wannan sana'a a gidajensu, a kan irin mazubin da ya fi dacewa idan wuri ya yi kaɗan.

Abin Sha Yana Da Rai

Bari mu fara ɗauko darasi daga inda ba a zato. Tun zamanin da, Maguzawa suna dafa giyar burkutu da tsiron dawa. Ba tallarta muke yi ba. Haramun ce ga Musulmi, kuma Jihar Kano, wadda ta ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000, ta hana sayar da giya. Abin lura kawai shi ne, masu dafa ta ba su toshe ta a kwalba. A buɗaɗɗiyar tukunya suke barinta tana kumfa, su auna ta da ƙwarya, a shanye cikin kwana ɗaya ko biyu. Sun sani sarai abin da ke tukunyar bai gama aikinsa ba, kuma in aka kulle shi zai nemi hanyar fita da ƙarfi.

Wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, shi ya bayyana dalilin a shekarar 1857. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke cin zaƙin da ke cikin abin sha, wasu su mai da shi tsami, wasu kuwa, watau yis, su mai da shi barasa da iska. Sanyi yana rage musu hanzari, zafi yana ƙara musu.

A Ingila an yarda wa mutum ya dafa giyarsa a gida ba da lasisi ba tun 1963, a Amurka kuwa aka sa hannu a irin wannan doka a 1978. Babban abin da ke damun masu yin haka shi ne kwalba. Tukunya ɗaya mai lita 23 tana bukatar kwalabe 46 masu cin rabin lita, sai an nema musu wuri na mako biyu ko fiye, kuma in sukari ya yi yawa sai kwalba ta tarwatse cikin dare. Masu dabara a cikinsu sukan zuba kashi ɗaya a gorar roba, su riƙa matsa ta kullum. Ran da ta yi tauri, sun san iska ta taru a sauran.

Kunun zaƙi ba giya ba ne, amma ɗan'uwanta ne ta wajen hatsi da tsiro, kuma waɗannan halittu suna cikinsa. Gorar da ta kumbura a rana, wadda in an buɗe ta sai ta yi tsartuwa, ta fara kama hanyar da ba ma so.

Kwalba

Kwalba tana da kirki uku. Ana iya dafa ta a ruwan zafi, ba ta riƙe wari, kuma in ba ta fashe ba sai ta shekara da shekaru ana mora. Amma ga mai ƙaramar kula aibinta ya fi yawa. Jikinta kauri gare shi, har nauyin kwalbar lemo ya yi kusa da na ruwan da ke cikinta, ga shi yaro ne zai ɗauka a ka. Murfinta na ƙarfe mai haƙora, wanda William Painter ya ƙago a Amurka a 1892, sau ɗaya yake aiki, kuma sai da na'ura ake ɗora sabo. Har wa yau ba ta yin gargaɗi. Iska tana taruwa a ciki, ba abin da ido zai gani, sai dai a ji ƙara. A ganinmu, a bar kwalba mai murfin murɗawa ga zoɓon da za a sha a gida, kada a ɗora wa yaro ita zuwa talla.

Gora

Gorar roba irin ta ruwa da lemo, wadda wani injiniya Ba'amurke, Nathaniel Wyeth, ya yi wa rajista a 1973, ita ce ta gāje sunan goran duma na kakanninmu. Ba ta da nauyi, ba ta fashewa ta yanki mutum, murfinta yana komawa, kuma tana faɗin gaskiya in an matsa ta. Gorar lemo mai iska ta fi ta ruwa ƙwari, domin tun asali don riƙe iska aka yi ta. Rauninta biyu ne. Ba ta jure zafi, ruwan da ya wuce digiri 70 yana lanƙwasa ta, don haka ba a dafa ta, ba a kuma zuba mata kunu sai ya huce. Na biyu kuwa, in cikinta ya karce, datti yana maƙalewa inda buroshi ba ya kai.

Lissafin Kula

Ga ɗan lissafi wanda kowane ɗalibin aji shida zai iya. A ɗauka cikin kula yana da tsawon santimita 40, faɗi 30, zurfi 30. A ɗauka kuma gorar rabin lita tana da faɗin santimita 6 da rabi, tsayi kimanin 22. In an jera su layi bisa layi, kowace tana daidai da ta gabanta, shida-shida za su shiga a layi huɗu, watau 24, lita 12 ke nan. Amma in aka sa kowane layi ya faɗa cikin gurbin na kusa da shi, kamar saƙar zuma, sai a sami layi biyar: shida, biyar, shida, biyar, shida. Jimla 28, lita 14. An ƙaru da gora huɗu ba tare da an sayi komai ba. Dalili kuwa, abu mai kewaye in an jera shi fuska da fuska yana barin kimanin kashi 21 cikin 100 na fili a banza, jerin saƙar zuma kuwa kashi 9 kaɗai yake bari.

Da kwalaben lemo masu santilita 35 aka jera guda 28 ɗin, abin da aka sanyaya ba zai kai lita 10 ba. Babbar gora mai lita ɗaya da rabi kuwa ta fi ƙarfin zurfin wannan kula, sai dai a kwantar da ita, murfi ya riƙa ɗiga. Gajeriyar gora tana barin santimita 8 a sama, nan ne wurin ƙanƙara, domin sanyi sauka yake yi, ba hawa ba. Sharaɗin duk wannan shi ne gorunan su zama iri ɗaya. Tarkacen dogo da gajere, siriri da mai ƙugu, ba ya jeruwa.

Kowane abin sha da gorarsa. Kunun aya shi ya fi saurin lalacewa, wuni ɗaya ba sanyi ya ishe shi, sai a ba shi mafi ƙanƙantar gora da wuri mafi kusa da ƙanƙara, a kuma fara sayar da shi. Kunun zaƙi na biye da shi. Zoɓo ya fi su haƙuri saboda tsaminsa, ko da yake sukari da abarba suna rage masa kwana. Kowanne aka zuba, a bar wurin yatsa biyu a wuya, domin ruwa in ya daskare yana ƙaruwa da kimanin kashi 9 cikin 100.

Daga Ina Gorar Ta Fito?

Wannan ita ce tambayar da ta fi lissafi nauyi. Yawancin gorunan da ake zuba kunu ba sababbi ba ne, tsintowa ake yi a sayar. Wata daga wurin biki ta fito, wata daga bola, wata an taɓa auna fetur ko kananzir da ita. Araha ba ta ado. Gorar da ba a san asalinta ba tana iya kai amai da gudawa gidan da bai ji ba bai gani ba.

A ƙasar noma irin tamu akwai haɗari na musamman, watau robar maganin ciyawa da ta maganin ƙwari. Tana da ƙwari, murfinta yana kamawa, ga ta birjik da damina, sai ta ba mutum sha'awa. Ko sau goma aka wanke ta ba a raba ta da dafi. A huda ta tun a gona, kada ta shigo gida.

Wadda aka amince da asalinta, a wanke ta da sabulu da buroshi da ruwa mai ɗumi, a cuɗa murfin dabam har cikin zarensa, a ɗauraye, a kife ta bushe sarai kafin a rufe. Wadda ta yi hazo ko wari, a yi sallama da ita. Busassun kuwa a zuba su a tsabtataccen buhu a rataye, ba su cin filin ɗaki.

Shawararmu a taƙaice ita ce, a juya tsarin da aka saba. Yanzu hatsi ake fara aunawa, a dama kunu, sa'an nan a shiga neman inda za a zuba shi. Kamata ya yi a fara auna kula, a ƙirga gorunan da take ɗauka, daga nan a san mudu nawa za a jiƙa. Daidai ruwa, daidai tsaki. Lita 14 da aka sayar da sanyinsu sun fi 20 da aka zubar da shida daga ciki.

Muna roƙon malamai su ba yara wannan lissafi ya zama aikin gida, kowa ya auno kular mahaifiyarsa da ma'auni, ya kawo amsa. Ta haka darasin zai shiga inda jarida ba ta shiga.