Bayan Mai Fenti Ya Tafi, Ina Za a Kai Ragowar da Bokitin?

Da zarar Sallah ta gabato, ko an sa ranar biki za a gyara ɗakin amarya, kasuwar masu fenti takan buɗe. A shafe bango, a bi ƙofa da taga, gida ya yi fes. Mai fenti ya karɓi haƙƙinsa ya kama gabansa, ya bar wa masu gida ragowar fenti a gindin bokiti, da ruwan da ya wanke buroshi, da gwangwanaye. Ruwan wankin a tuttula shi a kwata, ragowar a tura ta bayan ɗaki, bokitin kuwa kafin la'asar uwargida ta ɗauraye shi ta cika da ruwa. A nan matsalar take farawa.

Fenti iri biyu ne a gidajenmu. Akwai na ruwa, wanda ake yi wa bango, yakan zo a babban bokitin roba mai lita 20. Akwai kuma na mai, mai ƙyalli da ƙarfin wari, wanda ake yi wa ƙofar ƙarfe, taga, gado da kujeru, ana sirka shi da tina ko kananzir. Na ruwa da sauƙi-sauƙi. Na mai shi ne abin tsoro, domin yana kama wuta, tururinsa yana sa jiri da ciwon kai, kuma a cikinsa aka fi samun dalma, musamman launuka masu haske kamar rawaya, ja da ruwan lemo.

Mutanen Arewa ba baƙin gubar dalma ba ne. A shekarar 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara. Wancan daga niƙan dutsen zinariya ne, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce. Ta fenti ba ta zuwa da hayaniya. A hankali take taruwa a jikin yaro, ta taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage jini, ta dakushe fahimta, sai a yi ta dukan yaro ana cewa daƙiƙi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jiki da za a kira maras illa. Amurka ta hana sa ta a fentin gida tun 1978, kuma iyakar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawara a kai ita ce kashi 90 cikin miliyan. Mai saye ba zai gane da ido ba, sai ya duba jikin gwangwani ko an rubuta babu dalma, ya kuma guji fentin da ake aunawa a kwalba, babu suna babu alama.

Saboda haka batun bokiti ba na wasa ba ne. Na san darajarsa: yana da ƙwari, yana da murfi, kuma kyauta ne. Shi ya sa za ka gan shi cike da zoɓo a bakin makaranta, ko an jiƙa gero a ciki, ko an zuba kunu da zafinsa. Amma robar fenti ba a yi ta don abinci ba. Ka sa farce a lungun gindinta bayan an wanke, za ka ɓamɓaro ɓawon da soso bai kai ba, kuma zafi da tsami suna taimaka masa ya saki. Bokitin fentin ruwa da aka kankare sosai zai yi wanki, goge tsakar ɗaki, zuba shara ko shuka fure. Gwangwanin fentin mai kuwa kada ya kusanci madafa ko randa, kada a ba yara su yi wasa da shi, kada a mai da shi kwanon shan ruwan kaji ko awaki.

Ragowar fentin fa? Maganinta na farko tun a shago ne: a auna bango kafin a saya, domin lita ɗaya ta fentin ruwa takan shafe kusan murabba'in mita 10 a shafa ɗaya. In ya rage kuma yana da kyau, a goge bakin gwangwanin, a shimfiɗa leda, a danne murfin sosai, a rubuta launi da ɗakin da aka yi wa, a ajiye a inuwa, nesa da murhu da hannun yara. In ba a bukatarsa, masallacin unguwa ko Islamiyya ba za su ƙi ba.

Wanda ya lalace, in na ruwa ne, a zuba masa yashi ko garin katako a juya, a bar shi a buɗe inda yara da dabbobi ba sa zuwa har ya daskare, sannan a sa shi a shara. Na mai, in ɗan kaɗan ne, a ƙarar da shi a jikin tsohon katako ko kwali a waje mai iska. In yana da yawa, a mayar wa mai fentin ya yi aiki da shi, ko a nemi hukumar kula da muhalli ta jiha. Tinar da aka wanke buroshi ma ba ta zubarwa ba ce: a rufe ta a gwangwani ta kwana biyu, dattin zai kwanta, a tsiyaye ta sama a sake amfani da ita. Kada dai a zuba ta a kwalbar lemo ko gorar ruwa, domin ta haka yara ke kwankwaɗar kananzir.

Kwata ba ta haɗiye komai, miƙawa kawai take yi. A Kano, ruwan lambatun cikin gari yana gangarawa Jakara, kuma da shi masu lambu ke ban-ruwan latas da alayyafon da ke dawowa kasuwa. Wanda aka zuba a rami ko masai kuma yana iya tsattsafawa zuwa rijiyar maƙwabci. Ƙonawa ta fi muni, hayaƙin guba ne, kuma gwangwanin fentin feshi yana fashewa a wuta ko da ana ganin ya ƙare. Tsummokaran da suka jiƙe da fentin mai, kada a dunƙule su a lungu, domin suna iya ɗaukar zafi su kama da wuta da kansu. A baza su a waje su bushe tukuna.

Gwangwanin ƙarfe da ya bushe ƙarau kuɗi ne. 'Yan gwangwan suna saye a kan sikeli, daga nan ya wuce masana'antar da ke narka shi a yi rodi. Robar ma akwai masu niƙa ta. A cire murfin, a tabbata babu ɗanyen fenti a ciki, sannan a miƙa wa ɗan jari bola. In roba ce, a huda gindinta da ƙusa kafin a bayar, don kada gobe a same ta a hannun mai kunu.