Sana'ar Tsire a Ƙasar Kano: Yadda Mahauta Ke Jure wa Yanayin Shekara

Gabatarwa

Yawancin sana'o'inmu na gargajiya suna da lokacinsu. Manomi yana jiran damina, magini kuwa sai rani, domin ba a ɗora tubalin ƙasa ruwa yana zuba. Masaƙa da marina ma sukan rage aiki idan noma ya kankama. Amma sana'ar gashin tsire ba ta da irin wannan hutu. Ko ana ɗari, ko ana zafi, ko ana marka, da zarar la'asar ta yi sakaliya za a ga mai tsire ya hura wutarsa a fili. Wannan maƙala za ta yi bayanin dalilin da ya sa ake wannan gashi a waje, da dabarun da mahauta suka gada na fuskantar kowane yanayi, da kuma abin da ke neman kawo wa sana'ar cikas a yau.

Daɗewar Sana'ar

Tsire reshe ne na sana'ar fawa, wadda Sarkin Fawa ke shugabanta a kowane gari. Al'ada ta haɗa rundawa da kiɗan kalangu, wanda a da shi ne ke sanar da jama'a cewa an yi yanka. A watan Janairu na 1824, wani Baturen Birtaniya mai yawon buɗe ido, Kyaftin Hugh Clapperton, ya iso Kano, kuma ya rubuta abin da ya gani a kasuwar birni. A kusa da mahauta ya tarar da masu gashi a fili, kowa da wutar itacensa, an kewaye ta da tsinkaye ɗauke da ƙananan yankan nama, tsoka da kitse a jere. Wannan siffa ita ce ta tukuba kamar yadda muka san ta. Ke nan shekara 200 da suka wuce ana wannan aiki, kuma a tsakiyar hunturu baƙon ya gan shi.

Dalilin Yin Gashi a Fili

Dalili na farko shi ne hayaƙi. Kitse yana ɗiga a kan garwashi, hayaƙi ya turnuƙe, ba ɗakin da zai iya riƙe shi. Bugu da ƙari, garwashi a rufaffen wuri yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ko wari, wadda kan kashe masu kwana da kaskon wuta a ɗaki lokacin sanyi. Dalili na biyu shi ne gudun gobara, tun da rumfunan da na kara ne da ciyawa. Na uku kuwa ciniki ne, domin ƙamshin da iska ke ɗauka shi ne tallar mai tsire. Na huɗu, nama ba ya jira. A zamanin da babu firiji, abin da aka yanka da safe dole a sayar ko a gasa kafin dare ya raba, ko da wane hali sama take ciki.

Tukuba ita kanta an tsara ta ne don fili. Tudu ne na ƙasa da toka, a hura wuta a tsakiya, a kafa tsinkaye a kewaye. Naman ba ya taɓa harshen wuta, zafinta ne ke gasa shi daga gefe. Saboda haka mai tsire yana iya matso da tsinke ko ya janye shi, gwargwadon yadda iska ke kaɗawa.

Hunturu

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska mai sanyi da ƙura tana busowa daga arewa maso gabas, kuma da dare sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15. Wannan iska tana cinye itace da sauri, tana karkatar da wuta gefe guda, tana kuma busar da nama kafin ya nuna. Maganin da mahauta suka sani shi ne a kafa zana ko fallen kwano ta ɓangaren da iska ke zuwa, a yawaita shafa man gyaɗa, a riƙa juya tsinkaye akai-akai, sannan a rufe ɗanyen nama don kada ƙura ta hau shi. Duk da wannan wahala, hunturu lokacin ciniki ne. An gama kaka, manoma suna da kuɗi, gyaɗa ta shigo don haka ƙuli-ƙuli ya yi araha, shanu kuma ba su riga sun rame ba. Ga shi jama'a suna taruwa a bakin tukuba don jin ɗumi da hira.

Bazara

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 da rana. A nan abokin gabar mahauci shi ne lalacewar nama, don haka yakan rage yawan abin da yake sara, ya yanka shi da wuri, ya barbaɗe shi da gishiri da yaji a inuwa, ya jinkirta hura wuta har rana ta yi sanyi. Dabbobi ma a wannan lokaci sun rame saboda ƙarancin ciyawa, kitse ya yi wuya. Sai dai zafin da ke cutar da mai tsire shi ne ribar mai kilishi, wanda ke shanya faffaɗan nama a kan gadon kara ya bushe cikin 'yan sa'o'i.

Damina

Kusan duk ruwan da Kano ke samu yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, kuma Agusta ya fi kowane wata. Wannan shi ne lokacin da ake gane gwani. Itace ya jiƙe, yana hayaƙi ba ya ci, garin ƙuli yana dunƙulewa saboda laima, ƙudaje sun yawaita, masu saye sun fake a gida. Tun cikin rani mai hangen nesa yake tara busasshen itace mai ƙarfi irin su marke da ƙirya, waɗanda garwashinsu ke daɗewa bai mutu ba. Yakan ɗaga tukubarsa sama da ƙasa, ya yi mata rumfa mai buɗaɗɗen gefe, idonsa kuma yana gabas, domin daga can hadarinmu ke tasowa. Idan iska ta fara, sai ya kwashe tsinkaye, ya kifa kwano a kan garwashi, ruwa na ɗaukewa ya tone toka ya ci gaba. Mai kilishi kuwa a wannan lokaci yakan rage aiki, wasu su koma balangu.

Ya kamata a tuna cewa watan azumi da sallolin nan biyu, lokutan da aka fi neman nama, suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Cikin shekara 33 sukan zagaye dukan yanayi, don haka duk wanda ya tsufa a sana'ar ya yi gashin sallah cikin ɗari, cikin zafi, da kuma cikin ruwa.

Yaɗuwa Zuwa Wasu Ƙasashe

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta ƙara sauƙaƙa fataucin shanu zuwa kudu, mahauta kuma suka bi shanun zuwa unguwannin Hausawa irin su Sabo ta Ibadan. A can aka kira abin suya, ko da yake a Hausa suya da gashi daban suke. A Kamaru ana ce masa soya, a Gana cicinga, a Sudan kuwa agashe, daga kalmarmu ta "a gashe". Waɗanda suka je Legas, inda ruwan sama ya kusa ninka na Kano, dabarun damina na gida ne suka riƙe su.

Halin da Ake Ciki

Abubuwa uku ne ke barazana. Na farko, marke da ƙirya suna ƙarewa a dazuzzukanmu, har wasu suna gashi da kowane irin itace, kuma ɗanɗano ya canza. Na biyu, tsafta: ƙuli-ƙulin da ya yi funfuna a damina yana ɗauke da gubar da ke illa ga hanta, kuma tawadar tsohuwar jarida da ake naɗe nama da ita ba abin ci ba ce. Na uku, 'ya'yan mahauta da dama suna ƙyamar gadonsu, masu shigowa kuma ba su zauna a gaban manya sun koya ba. Raga ta ƙarfe ta maye gurbin tukuba a unguwanni da yawa, har akwai yaran birni da ba su taɓa ganin ta ba.

Kammalawa

Ilimin iska, da itace, da lokacin yanka, ba a rubuce yake ba, yana kawunan tsofaffin mahauta ne. Muna kira ga malaman makaranta su tura ɗalibansu wurin Sarkin Fawan garinsu su tambayi sunayen sassan nama da kayan aiki, su rubuta. Dattawa kuma su taimaka wajen dasa itatuwan da aka sare. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, amin.