Ko Kun Sani?

A Amurka, kujeru da gadaje da labulen da ake gani a gidan da aka sa a kasuwa sau da yawa na haya ne. Akwai masu sana'ar ƙawata gidan da babu kowa a ciki, da zarar an yi ciniki sai su dawo su kwashe kayansu. Wata dillaliyar gidaje a jihar Washington, Barb Schwarz, ita ake dangantawa da fara wannan sana'a a 1972. Wani gadon ma katifar iska ce aka ɗora a kan akwatuna aka lulluɓe da zanen gado, talabijin ɗin falo kuma ta roba ce, ba ta kamawa. Dalilin ƙawata gidan shi ne ɗakin da babu kaya yakan yi wa ido ƙanƙanta, domin babu abin da za a auna girmansa da shi, hankalin mai saye kuma sai ya tafi kan tsagar bango da tabon ƙasa. In ya ga gado da tebur, nan take yake gane inda kayansa za su zauna.