ZUBIN TAGULLA DA KAKIN ZUMA: GADON DA KE NEMAN KUƁUCE WA ADAMAWA

Duk wanda ya tsaya a Mbamoi, ko wata unguwa ta tsohon garin Yola, ya dubi kudu, zai hangi waɗansu duwatsu sun yi jeri. Waɗannan su ne duwatsun Vere. Mutanen Yola da Jimeta sun san su farin sani, amma kaɗan ne suka san cewa maƙeran da suka zauna a gindinsu suna cikin gwanayen zubin tagulla da aka taɓa yi a Arewacin Nijeriya. Aikin hannunsu yana nan ajiye a gidajen tarihi na Jos da ƙasashen Turai, alhali kuwa a ƙasar da aka yi shi sana'ar ta ja baya ƙwarai.

Dabarar da suka yi aiki da ita kuwa ita ce zubi da kakin zuma, watau wannan danƙon da yakan rage bayan an tace zuma daga saƙarta.

YADDA AKE YIN ZUBIN

Maƙeri yakan fara da ɗumama kakin har ya yi laushi, sa'an nan ya murza shi ya siffanta abin da yake so, ko zobe, ko munduwa, ko ƙararrawa, ko ƙotar wuƙa. Duk adon da ake so ya fito a jikin tagulla, a jikin kaki ake yin sa. Akan murza kakin siri-siri kamar zare a nannaɗe shi a jiki, shi ya sa kayan zubi da yawa sukan fito kamar an kitsa su. In abin mai rami ne a ciki, kamar ƙararrawa, sai a fara gina cikinsa da yumɓu, a bari ya bushe, a shimfiɗa kaki a kai. Kaurin kakin nan shi ne zai zama kaurin tagullar.

Daga nan sai a liƙa wani ɗan sandan kaki a jikin siffar, wanda zai zama hanyar shigar ƙarfe. Sai a shafe siffar da yumɓu mai laushi wanda aka tankaɗe, sau da yawa haɗe da garin gawayi. Wannan shafi na farko shi ne ran aikin, gama shi ne ke ɗaukar kowane zane, har sawun yatsan maƙerin in ya bari. Bayan ya bushe sai a ƙara wani yumɓun mai kauri, wanda aka cuɗa da kashin jaki ko ɗanyun zaruruwan ciyawa don kada ya tsage a wuta.

In ginin ya bushe sarai sai a kanga shi a wuta. Kakin zuma ba ya jimirin zafi, tun wajen digiri 63 yake narkewa, saboda haka sai ya tsiyaye, sauran ya ƙone, ya bar rami mai kamarsa daidai. Tagulla kuwa, wadda gamin jan ƙarfe ce da tutiya, sai wuta ta haura digiri 900 kafin ta zama ruwa. Nan ne zugazugi da gawayin ƙirya suke aikinsu.

Maƙeran wurare da dama a Afirka ta Yamma suna da wata hikima a nan. Sukan zuba gutsattsarin tagulla a wani ɗan kasko, su kifa ginin a bakinsa, su liƙe su da yumɓu su zama abu guda. Sai a sa a wuta, kaskon yana ƙasa. In maƙeri ya gane daga launin harshen wutar cewa ƙarfe ya narke, sai ya ɗauko da awartaki ya juya shi, ruwan tagullar ya gangara ya cika gurbin da kaki ya bari. Ta haka ƙarfen ba ya shan iska, ba ya kuma hucewa a hanya.

Bayan ya huce sai a fasa ginin, a yanke hanyar zubin, a goge. Tun da yake ba a fitar da abin sai an fasa yumɓu, kowane zubi tilo ne, ba shi da ɗan'uwa. In kuwa aka yi kuskure tun a kaki, to, ba gyara, sai dai a sake daga farko. Tun ran gini, ran zane.

MAƘERAN VERE

Mutanen Vere, waɗanda yawancinsu ke cikin ƙaramar hukumar Fufore da kudancin Yola, sun kasu gida biyu a al'adarsu ta da. Akwai manoma, akwai kuma maƙera waɗanda ake kira Tibaai, masu auratayya a tsakaninsu. Maƙeran nan sun yi ƙirar baƙin ƙarfe, sun kuma yi zubin tagulla. Daga hannunsu aka sami wuƙaƙen ado da kubensu, da ƙararrawa, da lofe, da duwatsun wuya na tagulla, da 'yan fartanyoyin da mata kan riƙe wajen rawa, da kayan bikin kaciyar samari. Mallakar irin waɗannan kaya alama ce ta wadata, har maƙwabtansu ma sukan saya.

Bajamushen nan Leo Frobenius ya biyo ta Adamawa a 1911, shekara goma bayan Turawan Ingila sun ci Yola, ya tafi da kayan Vere masu yawa zuwa Jamus. A 1966 kuma wani ma'aikacin Hukumar Kayan Tarihi ta Nijeriya, Tim Chappel, ya sayi ɗaruruwan kayan Vere domin Gidan Tarihi na Jos, ya rubuta sunan kowanne da amfaninsa da kuɗinsa. Sai a 2021 aka buga wannan bayani nasa, tare da Richard Fardon da Klaus Piepel.

Ba Vere kaɗai ba ne. A arewacin jihar, wajen Michika, maƙeran Kamwe, waɗanda aka fi sani da Higi, da 'yan'uwansu Kapsiki na tsallaken iyakar Kamaru, su ma masu zubi ne da kaki. A Kano kuwa tun da daɗewa an bambanta maƙeran baƙi da maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla. Can Agadas ma da kaki maƙeran Buzaye suka saba zuba abin wuyan nan nasu da ya yi suna a duniya.

In aka dubi Nijeriya baki ɗaya, sai a ga dabarar ta tsufa ainun. Kayan Igbo-Ukwu da Thurstan Shaw ya tono a 1959 da 1960 sun haura shekara 1,000. Kawunan Ife da aka samu a 1938, da kayan fadar Benin da sojan Ingila suka kwashe a 1897, waɗanda Jamus ta mayar da waɗansu daga cikinsu a Disamba 2022, duk da kaki aka zuba su.

ABIN DA YA KARYA SANA'AR

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Yawancin kayan na bukukuwan gargajiya ne, da mutane suka shiga Musulunci da Kiristanci sai bukukuwan suka ragu, masu sayen kayan suka ragu tare da su. Kayan kanti masu araha, na tasa da roba da sarƙoƙin waje, suka cika kasuwa. Yara suka tafi makaranta da birni, ba mai zaman jan zugazugi shekara da shekaru. Dillalan kayan tarihi suka bi ƙauyuka suna saye, ko da yake doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana fitar da irin waɗannan kaya ba da izini ba. Ga kuma 'yan gwangwan, waɗanda ba ruwansu da ado ko tarihi, nauyi kawai suke aunawa. Munduwar da ta shiga buhunsu ta tafi ke nan.

DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI

Kada mai karatu ya zaci wannan dabara ta mutanen da ce kurum. Tun 1907 wani likitan haƙori a Amurka, William Taggart, ya shigar da ita aikin haƙoran maka. A yau da ita ake zuba fukafukan cikin injin jirgin sama da ƙananan sassan injuna waɗanda ba su sassaƙuwa. A Turai da Amurka akwai mutane da yawa da suka mayar da ita abin sha'awa, ma'aikaci ya taso daga ofis ya shiga bayan gidansa ya zuba zobe ko wani ɗan ƙarfen tsohon agogo da aka daina sayarwa.

To, mu da muke fama da tsadar kayan gyara fa? Sau nawa ake jingine keken ɗinki ko injin ban-ruwa saboda wani ɗan ƙarfe da bai fi yatsa ba? Masu zubin tukwane da yashi suna nan a garuruwan Arewa, sun riga sun san wuta da narka. Yashi dai ba ya fitar da ƙaramin abu mai lungu-lungu, kaki kuwa yana fitarwa. Kayan aikin ma duk na gida ne, kaki daga masu zuma, yumɓu daga bakin Binuwai, tagulla daga tsofaffin kawunan famfo da makullai.

Amma lalle mai son gwadawa ya yi hattara. Ginin da bai bushe ba yakan fashe ya watsa narkakken ƙarfe. Farin hayaƙin da ke tashi daga tagulla na tutiya ne, yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, don haka a fili ake wannan aiki. Tsofaffin kawunan famfo kuma sukan ƙunshi dalma, bai kamata a zuba cokali ko abin sha da su ba.

Ya kamata Gwamnatin Jihar Adamawa da Jami'ar Modibbo Adama da makarantun koyon sana'a su nemi dattawan maƙera da suka rage a ƙasar Vere da Michika, a rubuta abin da suka sani, a haɗa su da yara masu koyo, a kuma biya su ladan koyarwa. Gidan tarihi yana iya ajiye ƙararrawa shekara ɗari, amma sanin launin wutar da ke nuna tagulla ta narke, wannan a wurin maƙeri yake, sai an zauna kusa da shi ake samu. Allah ya sa a farga da wuri.