Baƙaƙen kaya da kwalli: Salon 'goth' tsakanin matasa da iyaye a Kaduna

Tun bayan da wayar salula mai intanet ta shiga hannun 'yan makaranta, iyaye a unguwannin arewacin Kaduna, irin su Unguwar Rimi da Malali da Kawo da Tudun Wada, suke ganin sababbin salon shiga na faɗowa gidajensu daga ƙasashe masu nisa.

Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ake kira 'goth', wato shigar baƙaƙen kaya tun daga sama har ƙasa, da rambaɗa kwalli, da baƙin jan-baki, da sarƙoƙin azurfa, da manyan takalma irin na soja.

Salon ya sake tashe a duniya bayan da kamfanin Netflix ya fitar da shirin Wednesday a watan Nuwamban 2022, inda tauraruwar shirin ba ta sa komai sai baƙi. Daga nan ne hotunan shigar suka bazu a TikTok da Instagram.

Abin da ke isowa gari kamar Kaduna gutsattsarin shigar ne kawai, ba tare da kiɗan ko tarihin da suka haife ta ba. Wannan ne ya sa yaro da mahaifinsa za su kalli riga ɗaya, kowa ya ga abu dabam.

Asalin salon

A Ingila aka haifi wannan salo a ƙarshen shekarun 1970, a tsakanin matasa masu sauraron wani nau'in kiɗa mai sanyi da ke magana kan kaɗaici da baƙin ciki da mutuwa.

Masu tarihin kiɗa kan ɗauki wani faifai da ƙungiyar Bauhaus ta fitar a 1979 a matsayin mafari. A 1982 aka buɗe wani gidan rawa mai suna Batcave a Landan, wanda ya zama matattarar masu wannan shiga.

Sunan kuwa ya girmi kiɗan nesa ba kusa ba. Asalinsa sunan wata ƙabilar Turai ce da ta afka wa birnin Rum a shekarar 410. Daga baya aka laƙaba shi ga salon ginin tsofaffin majami'u, sannan ga littattafan labaran ban tsoro.

A Turai baƙi launin makoki ne. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta yi shekara 40 tana sa baƙaƙen kaya, tun daga rasuwar mijinta a 1861 har zuwa tata rasuwar a 1901. Saboda haka matashin Bature da ya sa baƙi ba tare da an yi masa rasuwa ba, yana sane da cewa zai tayar wa manya hankali, kuma wannan na cikin abin da yake nema.

Har yau ana taron shekara-shekara na masu wannan salo a birnin Laifzig na Jamus, wanda aka fara a 1992.

Baƙi a idon Bahaushe

A ƙasar Hausa lissafin ya sha bamban. Likkafani fari ne. Matar da ke takaba ta wata huɗu da kwana goma ba da baƙin tufa ake gane ta ba, da barin ado ake gane ta, har da barin kwalli da turare.

Wato kayan da Bature ya mayar alamar baƙin ciki, a nan kayan kwalliya ne. Kwalli ya daɗe a kwandon kayan shafa na mata, kuma dattawa maza ma na sa shi saboda sunna. Baƙin zanen lalle kuwa sai ranar biki.

Haka ma tufafi. Rawani ɗan Kura mai sheƙi da turkuɗi, waɗanda ake turawa a baba har su yi baƙi, kayan alfarma ne na sarakuna da attajirai. Ya kuma tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya shiga Makka ranar da aka buɗe ta sanye da baƙin rawani.

A 'yan shekarun nan baƙar abaya ta zama ruwan dare a tsakanin 'yan mata, har ta kai ana ganin ta a matsayin shigar kamala. Yarinyar da ta sa baƙar abaya da baƙin mayafi, ta zizara kwalli, za ta ratsa kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ba wanda zai waiwaye ta, alhali a ranta tana iya jin cewa ta yi irin shigar da ta gani a waya.

Wannan na nuna cewa launin shi kaɗai ba shi ne ke hana iyaye barci ba. Abin da ke damunsu shi ne fassarar da unguwa za ta yi masa.

Garin da ake karanta tufafi

Kaduna gari ne na 'yan zuwa. Tun da Turawan mulkin mallaka suka mayar da hedikwatar Arewa can daga Zungeru a 1917, garin ya tara sojoji da ma'aikatan jirgin ƙasa da na gwamnati da na masaƙu daga kowace kusurwa ta Najeriya. Shigar zamani ba baƙuwa ba ce a cikinsa.

Iyayen yau su ne samarin da suka yi yayin wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa da tara suma a shekarun 1970, ko kuma waɗanda aka yi ta faɗa da su kan saɓule wando a farkon shekarun 2000.

Sai dai rikicin Shari'a na shekarar 2000, da na gasar sarauniyar kyau ta duniya a watan Nuwamban 2002, wanda ya ci rayuka sama da 200, sun sauya fasalin zaman garin. Musulmi da dama sun koma arewacin kogi, Kiristoci da dama sun koma kudancinsa.

Tun daga lokacin, tufafi a Kaduna ya zama tamkar katin shaida. Da shi ake yi wa mutum hasashen addininsa da unguwarsu kafin ya buɗe baki.

A irin wannan gari, saurayin da ya sa baƙi tun daga sama har ƙasa na iya samun fassarar da bai taɓa tunani ba.

Wasu za su ɗauke shi mabiyin Shi'a, domin baƙaƙen kaya ne mabiya mazhabar ke sawa a zaman makokin watan Muharram. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a jihar da aka kashe mutum sama da 300 a arangamar sojoji da almajiran Sheikh Ibrahim Zakzaky a Zariya cikin Disambar 2015, kuma gwamnatinta ta haramta ƙungiyarsu a Oktoban 2016.

Wasu kuma za su danganta shi da ƙungiyoyin asiri na manyan makarantu, musamman Black Axe, wadda ta samo asali a Jami'ar Benin a 1977, kuma aka san ta da baƙi.

Akwai kuma jami'an tsaro. Ɗaya daga cikin ƙorafe-ƙorafen da suka haddasa zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020 shi ne yadda ake tare matasa a hanya saboda gashinsu ko zanen jikinsu ko shigarsu. A maƙwabciyar jiha, Kano, an sha ba da rahoton dakarun Hisba na aske kan samari masu askin da suka kira na banza.

Ko a inda salon ya fito bai tsira daga irin wannan ba. A watan Agustan 2007 wasu samari suka yi wa wata budurwa 'yar shekara 20, Sophie Lancaster, dukan da ya zama ajalinta a arewacin Ingila, saboda shigarta. A 2013 rundunar 'yan sandan yankin Mancesta ta fara lissafa irin waɗannan hare-hare cikin laifukan ƙiyayya.

Ga 'ya mace kuwa, akwai abin da iyaye ba su cika furtawa ba amma yana ransu: bakin mutane, da abin da dangin manema za su ji idan sun zo bincike.

Inda iyakar take

Idan aka rarraba salon gida-gida, za a ga cewa wuraren da ya ci karo da koyarwar addini ƙidayayyu ne, kuma duk ɗan Islamiyya ya san su.

Na farko shi ne zanen jiki na dindindin da ake yi da allura, wanda hadisi ya haramta. Lalle bai shiga ciki ba, domin yana gogewa.

Na biyu shi ne aske wani sashe na kai a bar wani, wanda aka yi hani da shi a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar.

Na uku shi ne kamanceceniyar maza da mata. A salon na asali samari kan sa jan-baki da 'yan kunne, abin da malamai ba su yarda da shi ba.

Na huɗu shi ne alamomi. Sarƙoƙin da ake sayarwa da wannan shiga sau da yawa suna ɗauke da gicciye ko ƙoƙon kan mutum ko tauraron matsafa, kuma yaro kan saya ba tare da sanin ma'anarsu ba.

Sai kuma fentin farce, wanda ke hana ruwan alwala taɓa farcen, da matsattsun kaya ko masu shara-shara.

Abin da ya rage bayan an cire waɗannan, wato launin tufa da kwalli da lalle da zoben azurfa da takalmi, babu wanda ya saɓa wa abin da aka saba gani a gida.

Batun lafiya

Akwai haɗarin da ya fi kusa da jiki, kuma yana cikin kayan gargajiyar ne ba na baƙin ba.

A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da ya kamu da gubar dalma ta hanyar kwallin da aka kawo daga Najeriya. Gwaji ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na kwallin dalma ce. Irin gubar ce ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake a can daga haƙar zinariya ta fito.

Baƙin lalle ma ba lalle ne zalla ba. Ana haɗa shi da sinadarin rina gashi, wanda kan sa wasu ƙaiƙayi da kumburi, wani lokaci har ya bar tabo.

Ta fuskar tunani kuwa, wani bincike da aka buga a mujallar Lancet Psychiatry a 2015, kan matasa kusan 3,700 a Birtaniya, ya gano cewa waɗanda suka ɗauki kansu cikakkun 'yan goth suna da shekara 15, sun ninka sauran sau uku wajen yiwuwar kamuwa da ciwon damuwa idan sun kai 18.

Amma masu binciken sun ja hankali cewa wannan bai tabbatar da cewa salon ne ke jawo ciwon ba. Mai yiwuwa yaran da ke jin an ware su ne suke neman mafaka a cikinsa.

Darasin ga iyaye shi ne su dubi abin da ya zo tare da tufafin. Idan yaro ya daina cin abinci da 'yan'uwansa, ko karatunsa ya ja baya, ko ya rufe kansa a ɗaki, ƙona masa riga ba zai warkar da komai ba.

Sasantawa a cikin gida

Al'adar kunya, musamman tsakanin iyaye da ɗan fari, kan sa irin wannan magana ta yi wuya. Shi ya sa a gidaje da yawa goggo ko kawu ko kaka ne ke shiga tsakani, kuma wasan jika da kaka kan fitar da abin da tsawa ba za ta fitar ba.

Matashin da ke son iyayensa su natsu yana da hanyoyi a hannunsa. Zai iya kai yadi wurin telan gida ya ɗinka masa kaftani ko abaya da launin da yake so, maimakon ɗauko rigar gwanjo mai rubutun da bai fahimta ba daga Kasuwar Barci. Zai iya bambance kayan fita da abokai da kayan Juma'a da na Sallah da na gaisuwar rasuwa. Zai kuma iya nuna wa iyayensa abokan da yake hulɗa da su, a fili da kuma a waya.

Su kuma iyaye, tambayar yaro inda ya ga shigar da abin da ya burge shi a cikinta kan fi saurin kai su ga gaskiya. Hani ba tare da bayani ba yakan koya wa yaro fita da kaya a jaka ya sauya a hanya.

Yanayi ma na taimakawa. A zafin watannin Maris da Afirilu, ba kowa ne zai jure baƙar riga mai kauri da takalmin soja a titin Ahmadu Bello ba.

Hausawa na cewa zamani riga ne. Yayi kan zo ya wuce, kamar yadda na iyayen ya wuce, amma yadda aka bi da yaro a lokacin yayin shi ne abin da zai daɗe yana tunawa.