A Duba Ta Inda Take Karɓar Magani, ko a Tura Ta Wani Sashe?

Macen da ke ɗauke da ƙwayar cutar HIV ta ninka sauran mata sau shida wajen haɗarin kamuwa da sankarar bakin mahaifa, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙwayar HPV, wadda ke haddasa sankarar, takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta yi ɓarna a jiki mai ƙarfin garkuwa, amma inda garkuwa ta yi rauni shekara 5 zuwa 10 sun ishe ta. Shi ya sa a 2021 hukumar ta ce a fara gwada waɗannan mata tun suna da shekara 25, ba 30 ba kamar sauran. Babu gardama a kan gwajin. Gardamar ita ce a ina za a yi shi.

Tsohuwar hanya ita ce a rubuta wa mace takarda, a tura ta sashen kula da lafiyar mata. Tana da hujjarta: can ne ƙwararrun suke, da kayan aikinsu. Amma takarda ba ta biyan kuɗin mota. Macen da ba ta jin ciwon komai, wadda da ƙyar ta samu izinin fita, ga sana'a ga yara, wa zai sa ta sake kama wani layi a wata rana? Sau da yawa takardar a jaka take ƙarewa, sai jini ya fara zuba sannan a tuna da ita, alhali a lokacin aski ya riga ya zo gaban goshi.

Zambiya ta bi ɗaya hanyar. A 2006 aka fara shirin gwajin a Lusaka, a cikin asibitocin gwamnati da ake raba maganin ƙanjamau, da tallafin shirin PEPFAR na Amurka. Ba a jira likitoci ba, ma'aikatan jinya aka horar. Su shafa ruwan khal a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa ya yi fari, a daskarar da shi da sanyi nan take idan bai yi girma ba. Wadda lamarinta ya fi ƙarfinsu ce kawai ake turawa gaba. Mace ta zo karɓar magani, ta koma gida an duba ta, an kuma yi mata aiki.

Wannan hanya ma tana da nata cikas. Nas ɗin da ke fama da cunkoso an ƙara mata kaya. Idan kuma aka san ɗakin gwajin na masu HIV ne kaɗai, tsoron tsangwama zai kori wasu; Zambiya ta kauce wa wannan da ta buɗe ƙofar ga kowace mace. Babban abin damuwa shi ne kuɗi: da Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a farkon 2025, an ga yadda aikin da ya jingina da aljihu ɗaya ke girgiza.

Duk da haka na fi karkata ga haɗa gwajin da karɓar magani, bisa sharaɗin cewa maganin matsalar da aka gano yana kusa da gwajin. Gwada mace a gaya mata an ga matsala, sannan a miƙa mata takarda zuwa wani gari, komawa ne ga tsohuwar hanya, an kuma ƙara mata fargaba. Yanzu da ake ba mata maganin HIV na wata uku ko shida a tafi ɗaya, zuwansu asibiti ya ragu, don haka dole a daidaita ranar gwajin da ranar karɓar magani.